Yanyawa da Zaren Gizo a Gindin Dutsen Tan Afella

Ga ta nan, ga ta nanku.

A can arewa da Tamanrasset, tafiyar kilomita kamar 150 a kan hanyar da ta miƙe zuwa In Salah, akwai wani wuri da ake kira In Ekker. Ba komai a wurin sai tsakuwa da iska da wani ƙaton dutse da Buzaye ke ce wa Tan Afella. A wata shekara ta fari Yanyawa ta sami ciki, ramin da take zaune kuma ya rufta, sai ta shiga neman inda za ta haihu. Ta duba gabas ta duba yamma, ba ta ga wurin da ya kai gindin dutsen nan daɗi ba. Ga inuwa da rana, ga kariya daga iska da dare, ga tsofaffin ramuka da wasu suka riga suka haƙa, ba sai ta wahalar da farcenta ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Tun tana ƙarama ba ta taɓa ganin uwarta ta bi ta wajen ba, tsohuwar kuma ta rasu ba ta faɗi dalili ba.

A zamanin kuwa Gizo ya riga ya gama saƙarsa. Yana ce ya shimfiɗa tun daga bakin teku har Kano, zare ya ratsa kowane rami da kowace sheƙa. Duk dabbar da ke da magana sai ta taɓa zaren da ke bakin ƙofarta, maganar ta bi yana ta shiga kunnen kowa kafin ƙiftawar ido, kuma ba a biyan ko anini. Dabbobi suna ta sa wa Gizo albarka.

Yanyawa ta taɓa nata zaren ta ce, "Jama'a, wa ya san gindin Tan Afella? Wurin zama ne?"

Ba ta rufe baki ba amsa biyu suka faɗo. Ta farko takarda ce da hatimi, a ƙasa an sa hannun Zakara, wanda ya taɓa mulkin wannan ƙasa. Takardar ta ce an yi ɗan aiki a cikin dutsen, aiki mai tsabta, ba abin da ya fita, kowa ya kwantar da hankalinsa. Ta biyu murya ce mai rawa, an haɗo ta da hoton wani farin hayaƙi da ya tashi sama ya buɗe kamar laima. Muryar ta fara da salati, sannan ta ce duk ƙurar hamada guba ce, duk wanda ya shaƙi hazon bana daga nan har Katsina ba zai ga damina ba, sai wanda ya sha wani magani. Ta rufe da cewa wanda ya ji bai tura wa dabba goma ba, alhaki a wuyansa.

Allah ya ba Yanyawa kunnuwa da suka fi fuskarta girma, tana jin tafiyar buzuzu a ƙarƙashin yashi. An ce in kunne ya ji jiki ya tsira, amma ba a faɗi yadda jiki zai yi ba idan kunnen dama ya ji gabas, na hagu ya ji yamma. Ta kwana ba ta runtsa ba. Gari na wayewa ta nufi gidan mai yanar.

Ta tarar da Gizo a tsakiyar saƙa, ya yi ƙiba har ƙafafunsa sun yi masa kaɗan. Ta gaishe shi, ta ce, "Maigida, magana biyu suka zo mini ta zarenka, ɗaya na ƙaryata ɗaya. Wacce ce gaskiya?"

Gizo ya ce, "Shannu, Yanyawa. Ai duka gashkiya ne. Ni zaye kawai na shaƙa, ba yuwana da abin da ya bi ta kai."

Ƙoƙi na gefe tana tankaɗe, sai ta yi suɓul da baka ta ce, "Ai jiya mun ci mun ƙoshi. Tun da muryar nan ta fito yana ke ta girgiza, ƙuda kuwa girgiza ke jawo shi. Kwando uku muka kwashe." Gizo ya watsa mata harara, ta ja bakinta ta yi shiru. Amma kunnen Yanyawa ya riga ya ɗauka. Ba ta ƙara tambayarsa komai ba. Ta lura dai cewa kowace magana da zarenta, kowane zare kuma dole yana da inda aka ɗaura shi. Ta kama na takardar, ta sa hanci ƙasa ta bi.

Zaren bai yi nisa ba, ya kai ta bakin kogon Kura. Tun daga nesa ta ji ƙaurin roba. Kura na tsugune gaban wuta, ta tara wayoyi tuli guda tana babbake su, robar na narkewa, jan ƙarfe na fitowa yana sheƙi. Bayanta ga ganguna da kwanon rufi da guntayen shinge, duk daga gindin dutsen aka jawo su, 'yan bola-jari na jiran kaya a gari.

Yanyawa ta ce, "Yaya Kura, ke kika aiko da takardar Zakara?"

"Ni ce. Ba ki ga hatimi ba? Takardar hukuma ce."

"Na gani. Yaushe aka rubuta ta?"

Kura ta jawo takardar daga ƙarƙashin gangar da take zaune. Ta yi rawaya, ta yi laushi kamar tsohon ganye, gefen da ake sa kwanan wata kuma babu shi, sai sawun haƙori. Kura ta ce yunwa ce ta kama ta wata rana. Yanyawa ta dubi takardar, ta dubi tulin jan ƙarfe. Wanda ya yi aikin shi ya rubuta cewa aikinsa mai tsabta ne, wadda ke cin abinci a gindin dutsen ita ke yawo da shaidar. Ta yi sallama ta fita, tana riƙe numfashi har ta wuce hayaƙin.

Zare na biyu shi ya ba ta wahala, don ya yi ta ɗaure-ɗaure. Ya kai ta wurin Hankaka, ya ce shi daga Bushiya ya samu. Bushiya ta ce Zomo ne ya turo mata. Zomo ya rantse cewa wani ɗan uwansa da ke aiki a fada ya gaya masa, da aka matsa sai ya ce ba ɗan uwansa ba ne sosai, maƙwabcin surukinsa ne, kuma bai taɓa ganinsa ido da ido ba. Babu ko ɗaya cikinsu da ya yi niyyar cuta. Bushiya har da hawaye take cewa ita dai ta ga gara ta tura, in ƙarya ce ba a rasa komai ba.

A hanya Yanyawa ta ci karo da ɓeran hamada, mai dogayen ƙafafun baya, ya lafe a ƙarƙashin wani dutse yana kyarma, kunnensa ɗaya a yage. Ashe wata magana ce ta uku ta fito a yana cewa shi ya tayar da hayaƙin, ga sunansa nan a rubuce. Kuma sunan nasa ne. Bam na farko da Faransa, wato Zakara, ta fasa a Reggane, yamma da nan, ranar 13 ga Fabrairun 1960, suna ta sa masa Gerboise Bleue, wato shuɗin ɓeran hamada, ta bi shi da fari da ja da kore. Ba wanda ya nemi izinin ɓeran. Dabbobi sun karanta layin sama sun tsaya, suka bi shi da jifa.

Daga ƙarshe zaren ya ƙare a rumfar Dila. Ya sha rawani, ya jera kwalabe, layin masu saye har bayan tudu. Yanyawa ta jira aka watse, ta durƙusa ta ce, "Allah gafarta Malam, hoton nan na Tan Afella ne?"

"Shi ne, 'yata."

"Waɗannan bishiyoyin da ke gaba fa?"

"Dabino ne."

"Malam, dabino da 'ya'ya kamar kan jariri? Kuma a bakin ruwan da ba a ganin ƙarshensa? Ni a nan Ahaggar aka haife ni, ruwa mafi girma da na sani shi ne wanda raƙumi uku ke shanyewa."

Dila ya yi shiru, sannan ya yi dariya, don dila ba ya jin kunyar a kama shi. Hoton na wani tsibiri ne can a tekun Fasifik, ya tsince shi a yana. Ya ce, "To naji. Amma ki gaya mini, Zakara ya fasa abu a ƙasar nan ko bai fasa ba? Ya ɓoye ko bai ɓoye ba? Da ya faɗi gaskiya tun farko, wa zai dubi kwalbata? Shi ya share mini kasuwa, ni shimfiɗa kawai na yi." Yanyawa ta rasa abin da za ta ce masa, ni ma mai ba da labarin ban da shi.

Rana ta yi sanyi, ƙafafunta sun kumbura, ta gano maƙaryata biyu amma har yanzu ba ta san inda za ta haihu ba. Sai ta tuna da tsoho Kunkuru, wanda ba shi da zare a ƙofarsa don ya ce yana masa ƙaiƙayi. Wani madugu ne ya taho da shi daga Ayar a cikin jakar sirdi tun yana kamar tafin hannu, ya ɓace masa a nan, shi ke nan ya zauna.

Ta ce, "Kaka, me aka yi a dutsen can?"

Kunkuru ya daɗe kafin ya fito da kai. Ya ce, "Zan gaya miki abin da idona ya gani, in na zo inda ji kawai na yi zan faɗa miki. Mutanen Zakara sun zo da motoci, suka ɗebi leburori, suka huda dutsen. Ramin ba miƙaƙƙe ba ne, a murɗe suka haƙa ƙarshensa kamar gidan katantanwa, wai in abin ya fashe ramin ya toshe kansa da kansa. Na farko ya tashi a ƙarshen 1961, ƙasa ta girgiza, dutse ya riƙe. Na biyu ranar 1 ga Mayun 1962. Ranar an taru, har da manya biyu daga ƙasarsu, an kafa musu wurin kallo. Da hantsi dutsen ya yi tsalle ya yi fari fat da ƙura. Can sai wuta ta feso daga bakin ramin, baƙin hayaƙi ya biyo ta, iska kuma ta juya ta nufo masu kallo. 'Yata, na ga masu anini a kafaɗa suna rige-rigen shiga mota. Ni da ba na gudu, kaina na ja ciki na jira. Wannan na gani. Na ji an ce an tuɓe manyan an yi ta dirzarsu da sabulu, wannan ji na yi."

"Dabba nawa suka mutu, Kaka?"

"Ban ƙirga ba, ba kuwa zan ƙaga miki ba. Na ga awaki sun rame, na ga raƙuma sun yi ɓari. Amma a shekarun fari ma na ga haka. In na ce miki duk dutsen ne, na wuce inda idona ya tsaya."

A nan bari in ajiye tatsuniya in sa baki, don tsohon bai yi ƙari ba. Sau 13 Faransa ta fasa bam a cikin dutsen nan, daga Nuwamban 1961 zuwa Fabrairun 1966, kowanne da sunan wani dutse mai daraja. Na ranar 1 ga Mayu shi ne Béryl. Manyan biyu ministoci ne, Pierre Messmer na soja da Gaston Palewski mai kula da bincike da harkar nukiliya. Palewski ya mutu a 1984 da cutar kansar jini, yana ganin daga ranar ya ɗauko ta. Aljeriya ta sami 'yanci wata biyu bayan Béryl, amma yarjejeniyar Evian ta bar wa Faransa wuraren gwajin na shekara biyar, sai 1967 ta tattara. Mu ma abin ya shafe mu. A Janairun 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas saboda gwaje-gwajen Reggane. A 2014 kuma jaridar Le Parisien ta buga wata taswirar soja da aka daɗe ana ɓoyewa, wadda ta nuna ƙurar bam na farko ta bazu har ƙasashen Afirka ta Yamma da kudancin Turai. Sai a 2010 Faransa ta yi dokar biyan diyya.

Yanyawa ta ce, "To Kaka, gani ya kori ji. Gobe zan je in duba da idona."

Kunkuru ya ce, "Kul. Wannan abin ba ya ganuwa, ba shi da wari, ko kunnenki ba zai ji shi ba. Za ki ga baƙin dutse da ya narke ya daskare a bakin ramin, sumul, har ki yi sha'awar kwanciya a kai. A 1999 wasu sun zo da akwati mai ƙara. Na bi su a hankali. A fili akwatin yana ɗan ƙas, ƙas, kamar kaza na tsattsaga. Da suka kai shi kan baƙin dutsen sai ya ɓarke kamar ana soya gyaɗa, suka ja da baya. Ni ban san karatun akwati ba, amma na san ja da baya."

Waɗannan baƙi ma'aikatan hukumar makamashin nukiliya ta duniya ne, mai hedikwata a Vienna, rahotonsu ya fito a 2005. Cikin gubar da irin wannan bam ke bari akwai wadda sai ta shekara 30 ƙarfinta ke raguwa da rabi, akwai kuma wadda sai ta shekara dubu 24.

Saura maganar hazo. Suna zaune sai ga Tsattsewa ta sauka shan ruwa, tana kan hanyarta ta arewa. Ita kan yi sheƙa ƙarƙashin rufin wata makaranta kusa da Paris. Yanyawa ta tambaye ta. Tsattsewa ta ce, "A Maris na 2022 ƙurar ƙasar nan ta haye teku, sararin Sifaniya ya yi ja kamar garin barkono, ƙanƙarar kan duwatsu ta koma launin ƙasa. Yanar can ma ta girgiza, aka ce gubar Zakara ce ta dawo masa gida. Sai masu bincike suka roƙi jama'a a ƙasashe da dama su share ƙurar daga kan motoci da tagogi su aiko. Suka auna. Sun sami guba, amma 'yar mitsitsiya, ƙasa ƙwarai da abin da ke cutarwa. Kuma kowane bam da irin tambarinsa, tambarin da suka gani na manyan bama-baman Amurka da Tarayyar Sobiyet ne da suka game duniya, ba na Reggane ba. A farkon 2025 suka buga."

Yanyawa ta kaɗa kunne ta ce, "'Yar uwa, a ƙasar Zakara fa kika ce makarantar take."

Tsattsewa ta ce, "Kin yi tambaya. Ni ma ba zan rantse a kan zuciyar kowa ba. Abin da na sani, sun rubuta sunayensu, sun faɗi inda aka ɗebo ƙurar, sun faɗi yadda suka auna, ba su kaɗai ba ne kuma, da masanan wasu ƙasashe a ciki. Duk mai akwati yana iya ɗebo tasa ya ƙaryata su. Zakara da ya rubuta takardarsa, ya bar wani ya leƙa ramin?"

Ba su tashi daga wurin ba zaren da ke kan wata ƙaya ya hau rawa. Hankaka ne ashe ke saman itacen yana saurare, ya kai wa Kura. Sabon saƙo ya cika yana: masana sun auna, sun ce ba guba, gindin Tan Afella lafiya lau, mai son kwanon rufi da araha ya zo. Tsattsewa ta fusata har gashinta ya tashi. Ta ce, "Ƙurar da ta sauka kan mota a Turai suka auna! Wa ya ce mata sun auna baƙin dutse?" Kunkuru ya ce wannan ta fi takardar farko haɗari, don yanzu duk wanda ya bi zaren zai tarar da masana na gaske a ƙarshensa, ya koma gida da natsuwa, bai karanta abin da suka auna ba.

Yanyawa ta yi tafiyar yini biyu, ta bar dutsen a bayanta, ta sami gindin wata tsamiyar hamada a bakin busasshen kwari. Ƙasar da tauri, farcenta biyu suka karye kafin ramin ya yi zurfi. Ba ta sa kwanon Kura a bakinsa ba, da hazo ya taso kuma ta rufe hancinta da jela kamar yadda uwarta ke yi, ba ta sayi kwalbar Dila ba. Ta haifi 'ya'ya uku.

Da ta yi arba'in sai ta taɓa zare ta faɗi duk abin da ta gano, daki-daki: wanda ya gani, wanda ya ji, wanda ya auna, abin da aka auna da abin da ba a auna ba. Maganar ta yi tsawo, ba salati a farkonta, ba barazana a ƙarshenta. Yana ba ta ko motsa ba. Ƙoƙi ta ce ranar ƙuda biyu suka kama, ɗaya ma ya kuɓuce. Bushiya ce kaɗai ta saurara har ƙarshe, ta kwashe 'ya'yanta daga kusa da shingen dutsen. Ɓeran hamada kuwa har yau in ya ji motsin zare sai ya yi tsalle ya ɓuya.

Ƙurunƙus kan kusu.

Dutsen dai ba tatsuniya ba ne. Yana nan a gefen babbar hanyar da ta fito daga In Guezzam ta ratsa Tamanrasset ta yi arewa, hanyar da 'yan uwanmu na Agadas da Maraɗi da Kano ke bi neman abinci. Aljeriya ta sha neman Faransa ta miƙa taswirar wuraren da ta binne sharar gwaje-gwajen. In mota ta tsaya da kai a In Ekker ka ga waya ko ƙarfe a yashe, don Allah ka bar shi inda ka gan shi.